Dutsen Kilimanjaro: Wuta a Ciki, Ƙanƙara a Kai

Mutumin Ɗanzomo ko Gagarawa bai san ƙanƙara ba sai wadda takan faɗo da hadarin damina, ta narke kafin yara su gama tsinta. To, ku sani akwai wani dutse a Afirka wanda ƙanƙara ba ta rabuwa da kansa, rani da damina. Shi ne Kilimanjaro, a ƙasar Tanzaniya. Tsawonsa ƙafa 19,341 ne, watau mita 5,895, duk Afirka ba wanda ya kai shi.

Asalinsa aman wuta ne. A can ƙarƙashin ƙasa akwai narkakken dutse. Inda ƙasa ta tsage sai ya bulbulo, ya huce, ya daskare, wani ya hau kan wani, har tudu ya zama dutse. Ta haka ƙololuwa uku suka tashi: Shira, da Mawenzi, da Kibo. Biyun farko sun mutu. Kibo kuwa barci yake yi, gama har yanzu tururi mai warin farar wuta yana fita daga raminsa.

Yaya ƙanƙara ta zauna a ƙasar zafi? Dalili shi ne, gwargwadon hawanka sama, gwargwadon ƙaruwar sanyi. A can ƙoli, abin da zai sauko ruwa sai ya sauko fari kamar sheƙar auduga, ya taru shekara bisa shekara, ya danƙare. Sa'ad da wani Bajamushe, Johannes Rebmann, ya ba da labarinta a 1848, waɗansu masana a Ingila suka ƙaryata shi. A 1889 Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka taka ƙolin.

Mai hawa yakan fara ratsa gonakin ayaba da kofi na kabilar Caga, ya shiga kurmi mai duhu, ya fito fili mai ciyawa, sa'an nan tsakuwa tsirara. Da asuba, kafin gajimare ya rufe dutsen, akan hangi kansa yana walƙiya kamar farin rawani.

Amma rawanin yana ƙarewa. Tsakanin 1912 da 2011, fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar ya tafi, saboda bushewar iska da ɗumamar duniya. Duk da haka, yawancin ruwan da mutanen gindin dutsen ke sha daga kurmin yake fitowa, don itatuwa ne ke tare ruwan sama da raɓa, su tsiyayar da su cikin ƙasa a hankali.

Nan ne darasin yake. Ƙasar Gumel ba ta da dutse irin wannan, amma tana da gawo, da kuka, da tsamiya, masu tare iska da riƙe rairayi. Ya kamata hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwanni a kan saran itace barkatai, malamai kuma su riƙa rubuta yawan dashen da ya rayu a kowace gunduma.