Darasi: Abin Da Ke Sa Kwamfuta Sauri

Jama'a, kwamfuta ta shigo gari. A Jibiya da Magama akwai shagunan da ake buga takardu, ana cike wa ɗalibai fom na jarrabawa. Wasu iyaye sukan sayar da wake ko akuya su saya wa yaro kwamfuta, yawanci wadda aka taɓa aiki da ita. Kafin ka ƙirga kuɗinka, ya kamata ka san abin da ke sa ta sauri.

Dubi ɗan kasuwa ran Lahadi a kasuwar Jibiya. Yana da canji a aljihu. Yana da kaya a rumfa. Sauran kayan suna can sito. Abin da ke aljihu, nan take zai ciro. Na rumfa, sai ya miƙe. Na sito kuwa, sai ya aiki yaro, mai saye yana tsaye yana jira.

Haka kwamfuta take. Tana da ƙwaƙwalwa mai yin lissafi. Aljihun ƙwaƙwalwar nan shi masu gyara ke kira kash. Rumfarta ita ce RAM. Siton kuma shi ne faifan ajiya, inda takardu da hotuna ke kwana ko an ɗauke wuta.

Kash ɗan ƙarami ne, amma ɗauko abu daga mafi kusa cikinsa ya fi zuwa RAM sauri wajen ninki 50. A cikin ƙwaƙwalwar aka gina shi. Ba a ƙara shi. Wanda duk ya ce ka kawo kuɗi ya ƙara maka kash, riƙe kuɗinka.

RAM kam ana ƙarawa, amma iri-iri ne. Akwai DDR3, wanda ya fito a 2007. DDR4 ya biyo a 2014, sannan DDR5. Na baya ya fi na da sauri. Kowane iri yana da ɗan giɓi a ƙasansa, kuma wurin giɓin ya bambanta. Saboda haka DDR4 ba ya shiga ramin DDR3. Kada a tura da ƙarfi, karyewa zai yi.

Saura hanya. Duk kayan nan a kan wani babban allo aka dasa su, sunansa madabod. Siraran layukan da ke jikinsa su ne hanyar da saƙo ke bi tsakanin ƙwaƙwalwa da RAM. Mu mutanen bakin iyaka ba sai an faɗa mana darajar hanya ba. A watan Agusta na 2023, da aka rufe iyaka da Nijar, manyan motoci sun yi jerin gwano a Magama. Lafiyar injinsu ƙalau. Hanyar Maraɗi ce babu.

To, ko ka sayi RAM mai gudun 3200, in allon da ƙwaƙwalwar iyakarsu 2400, da gudun 2400 zai tafi. Ƙarin kuɗin da ka biya ya tafi a banza. Haka in ka haɗa RAM biyu, ɗaya mai sauri ɗaya mai nawa, duka da tafiyar mai nawan za su yi, kamar shanun huɗa. Amma biyu masu kama ɗaya sukan fi guda ɗaya babba, domin yawancin alluna suna buɗe musu hanya biyu.

In ka je saye, ka ce a kunna ta a gabanka. Ka tambayi irin RAM ɗin da ke ciki da yawansa. Ka tambaya ko akwai ramin da za a ƙara wani. Wasu kwamfutocin hannu an liƙe musu RAM da dalma, ba ya ciruwa. Ka sa mai kaya ya rubuta maka duk wannan a rasit, tunda yanzu kana iya karantawa da kanka.

Tambayoyi
1. Me ake kira aljihun kwamfuta?
2. Don me DDR4 ba ya shiga ramin DDR3?
3. In allo iyakarsa 2400, RAM mai 3200 da wane gudu zai tafi?