Sayanojin: Iskar Gubar Da Ta Firgita Duniya A 1910

A daren 19 ga Mayun 1910, mutane da dama a Amurka da Turai sun kwana suna toshe ƙofofi da tagogi da tsummoki. Wasu sun sayi takunkumin fuska, wasu kuma sun zuba kuɗi wajen 'yan damfara masu sayar da ƙwayoyin da aka ce suna maganin gubar sararin samaniya. A daren ne duniya za ta ratsa ta cikin wutsiyar tauraron nan mai wutsiya da ake kira Hali, kuma tun a watan Fabrairu jaridu suka ruwaito cewa masana a cibiyar nazarin taurari ta Yerkes da ke Amurka sun gano alamar sayanojin a jikinsa.

Gari ya waye, babu wanda ko tari ya yi. Ba wai masanan sun yi ƙarya ba ne. Gubar tana nan, amma wutsiyar tauraron ba ta da kauri ko kaɗan, abin da ke cikinta ya warwatsu a faɗin miliyoyin kilomita, ga kuma iskar duniya mai kauri da ba za ta bari ya sauko ba. Labarin da aka yanke masa rabi ne ya yaɗu, irin dai wanda ake turawa a WhatsApp yau.

To mene ne sayanojin? Iskar gas ce mara launi, mai wari mai yaji da ake kwatantawa da na almon mai ɗaci. Sinadarai biyu ne kawai a cikinta: kabon, wanda shi ne gawayi, da naitirojin, wanda ya kai kashi 78 cikin 100 na iskar da kowa ke shaƙa. Zarra biyu ta kabon ce a tsakiya, kowacce riƙe da naitirojin ɗaya a gefe, shi ya sa ake rubuta ta C2N2. Masanin kimiyyar Faransa Gay-Lussac ne ya fara haɗa ta a 1815, ya ba ta suna daga kalmar Girkanci mai nufin shuɗi, saboda dangantakarta da wani shuɗin rini da masu zane ke amfani da shi.

Ta kusa ninka iska nauyi, don haka idan ta tsiyaya a ɗaki ƙasa take kwanciya. Idan sanyi ya kai digiri 21 ƙasa da sifili sai ta zama ruwa. Tana kuma ci da wuta: idan aka ƙona ta da zallar oksijin, zafin harshen wutar yana wuce digiri 4,500 a ma'aunin salshiyos. Wutar gas ɗin masu walda, wadda ke yanka ƙarfe, ba ta kai 3,500 ba.

Yadda take kisa shi ne abin lura. Da ta shiga jiki sai ta rikiɗe ta koma sayanaid, shi kuma ya je ya toshe wani sinadari a cikin ƙwayoyin halitta wanda aikinsa karɓar oksijin don samar da ƙarfi. Huhu yana jan iska, jini yana kai ta ko'ina, amma ƙwayoyin ba sa iya amfani da ita. Kamar waya ce da aka jona a caji, akwai wuta, caja lafiya lau, amma bakin cajin ya lalace. Ƙwaƙwalwa da zuciya su suka fi cin oksijin, su ne kuma ke fara gazawa: ciwon kai, jiri, bugun zuciya da sauri, sai suma. Dangin wannan guba ne ke cikin ɗanyen rogo mai ɗaci, dalilin da ya sa ake feraye shi, a jiƙa, a shanya kafin a ci.

Amfaninta ba shi da yawa, kuma duk a hannun ƙwararru yake. Ana haɗa wasu sinadarai da ita a masana'antu. A Ostareliya da Niyu Zilan an amince a riƙa turara katako da gungume da ita don kashe ƙwari kafin a yi jigilarsu, a madadin wani tsohon magani da ke lalata rufin ozon na sararin sama.

A sama kuwa ba ta ƙaranci. Kumbon Voyager 1 ya gano ta a iskar Taitan, babban watan duniyar Satun, bayan ya wuce kusa da shi a 1980. Tauraron Hali kuma, wanda ya sake leƙowa a 1986, ana sa ran dawowarsa a 2061.