Darasi: Jimi, yaron da ya yi suna da waƙa

Duk dattijon da ya taɓa shiga silima a Maraɗi ya san fim ɗin Indiya. Ƴan kasuwa Kwarori, mutanen Lubnan, su ne suka fara kawo irin waɗannan fina-finai ƙasar Hausa, tun wajen shekarun 1960. Ƴan kallo ba su jin Indiyanci. Amma suna gane wane ne mugu, wane ne mai gaskiya, kuma suna fita da waƙoƙin a bakinsu.

Cikin waɗanda suka yi farin jini akwai wani mai suna Disco Dancer, wato mai rawar disko. An yi shi a Indiya a shekara ta 1982. Babbar Subhash ne ya shirya shi. Bappi Lahiri ya tsara kiɗan. Mithun Chakraborty kuwa shi ne ya fito a matsayin saurayin da ake ba da labarinshi.

Ga yadda labarin yake.

Akwai wani yaro sunanshi Anil, ɗan talakawa a birnin Bombai, wanda yanzu ake kira Mumbai. Yana bin wani makaɗi, Raju, suna waƙa a titi don su samu na abinci. Wata rana ɗiyar wani attajiri ta ji waƙarshi, ta kira shi cikin gidansu. Ta ba shi ƙaramar gitarta ya kaɗa. Gita wani abin kiɗa ne mai tsirkiya, kamar molo ko gurumi. Attajirin, mai suna Oberoi, ya iske su. Ya bugi yaron, ya bugi uwarshi, ya ce sun saci gitar. Uwar ta ce ita ta ɗauka, don kada a kama ɗanta. Aka kai ta gidan kaso.

Da ta fito, ƴan unguwa suka sa su gaba da gori, suna kiransu ɓarayi. Zama ya gagara. Suka kwashe kayansu suka koma wani wuri da ake kira Goa. Can Anil ya girma, yana waƙa gidajen biki.

Attajirin nan yana da ɗa, Sam, wanda shi ne sarkin mawaƙan disko. Girman kai da giya suka ɓata shi. Mutumin da ke riƙe da harkokinshi, David Brown, ya gaji da wulakanci ya rabu da shi. Wani dare ya hangi Anil yana taka rawa bisa hanya. Ya ɗauke shi, ya sake mashi suna, ya ce daga yau shi ne Jimi. Kafin a jima Jimi ya shafe Sam.

Oberoi bai haƙura ba. Ya sa aka haɗa gitar Jimi da wutar lantarki mai ƙarfi, don ya taɓa ya mutu. Uwar ta ji labari. Ta ruga, ta riga ɗanta kama gitar, wuta ta kashe ta nan take. Wurin nan ne ke sa ƴan kallo hawaye. Daga ranar Jimi ya koma tsoron gita, ko ganinta ba ya so. Ƴan ta'adda kuma suka karya mashi ƙafafu. Sai a ƙarshe, ranar wata babbar gasa, tsohon maigidanshi Raju ya ƙarfafa mashi zuciya, ya sake kama gita, ya ci gasar.

Fim labari ne da aka ƙaga. Ba a taɓa yin wani Jimi ba. Amma akwai abin da ke cikinshi wanda mutumin Tibiri ko na Jiratawa ya sani sarai. Ana son waƙa, ana rena mai yin ta. Mawaƙi ya cika fili ranar biki, a yi mashi kari, a liƙa mashi kuɗi a goshi. Gobe ya aiko neman auren ɗiyar gidan, sai a ce ai maroƙi ne. Oberoi bai tambayi yaron komi ba kafin ya ce mashi ɓarawo. Ganin tufafinshi da sana'arshi ya ishe shi shaida.

Wani abu kuma gaskiya ne: mawaƙi ba ya tashi shi kaɗai. A da, makaɗin fada yana da sarkin da ke ciyar da shi, ya ba shi riga da doki. Makaɗan noma suna da manoma, masu kalangu suna da mahauta. Jimi yana da David Brown. Shi ke nemo wurin wasa, shi ke yin ciniki, shi ke sa hannu ga takarda. A fim an yi sa'a mutumin kirki ne. Ba kullum ake dacewa haka ba. Mawaƙin da bai iya karatu ba yana iya dangwala yatsa bisa takardar da ta sayar da waƙarshi har abada, bai sani ba. A Yamai akwai ofishin da ke kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta, ana kiranshi BNDA. Can ma da takarda ake aiki.

Inda fim ya yi ƙari shi ne wajen sauri. Cikin awa biyu da ƴan mintoci yaro ya tashi daga titi ya zama tauraro. A duba labarin Ɗan Maraya Jos. Sunanshi Adamu. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a 1946. Ubanshi makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Uwa da uba suka rasu yana jariri, sarkin ya riƙe shi. Ya ga kuntigi wurin wani makaɗi a Maiduguri, ya dawo ya haɗa nashi. Kuntigi ɗan ƙaramin abu ne: gwangwanin kifi, fatar akuya, tsirkiya guda. Da shi ya yi ta waƙa shekara da shekaru, yana yi ma talakawa, har da yaran mota. Sannu a hankali rediyo ya kai muryarshi ko'ina, har Maraɗi da Damagaram. Ya rasu a 2015.

Tambayoyi don tattaunawa a aji: Me ya sa uwar Anil ta ce ita ta ɗauki gitar? Wane ne makaɗin da ya fi suna a garinku, kuma wa ya koya mashi? Idan yaro ɗan manomi ya ce waƙa yake so ya yi, me ubanshi zai ce? Kowa ya rubuta amsar tambaya guda a littafinshi, layi uku, ya kawo ma malami.