YAUSHE YA KAMATA MAI ƊINKIN BARGO YA KARƁI KUƊINSA?

Ɗinkin bargo mai auduga sana'a ce da maza da mata suke ci da ita a garuruwan ƙasar nan, musamman inda sanyin hunturu yake da tsanani, kamar Jos da Zariya da Kano. Yadda ake yinsa shi ne a shimfiɗa yadi biyu, a sa auduga ko soso a tsakaninsu, sa'an nan a bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta dunƙule wuri ɗaya. Wasu kuma sukan yanyanka atamfa, su harhaɗa ƙyallayen su fitar da zane a fuskar bargon. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, gama da irinta ake ɗinka lifidi, wanda barade suke sa wa kansu da dawakansu tun zamanin yaƙe-yaƙe, har yau kuma ana ganinsa a hawan salla.

Mai wannan sana'a yana iya zama gwani, masu saye kuma suna ta zuwa, amma jarinsa ya yi ta ƙanƙancewa har ya ƙare. Sau da yawa dalilin ba ya wuce rashin sanin lokacin da ya dace a karɓi kuɗi. Wannan darasi a kan haka ya tsaya.

Bargon da aka ɗinka don kasuwa

Wannan ba shi da wuyar sha'ani. Mai ɗinki ya sayi kaya da kuɗinsa, ya zaɓi launin da ya ga yana tafiya, ya ɗinka ya rataye. Wanda ya gani yana so ya biya ya ɗauka, hannu da hannu. In wani ya ce a ajiye masa, to, ya ba da wani abu, a kuma yanka masa rana. In ba haka ba, bargo na wanda ya fara kawo kuɗi ne.

Aikin oda

A nan ne ake samun asara. Alal misali, a ce wata mata ta zo tana son bargo na babban gado don kayan ɗakin 'yarta, ta zaɓi ja da ruwan ƙwai, ta ce kuma a ɗinka sunan amarya a tsakiya. A ce an yi ciniki a kan naira 40,000, daga ciki 24,000 kuɗin yadi da auduga da zare ne, 16,000 kuma ladan aiki ne da riba. In mai ɗinki ya yi kunya bai nemi kome ba, ya tafi Kantin Kwari ya sayo kayan da kuɗinsa, to, ya ranta wa matar nan naira 24,000 ke nan ba tare da shaida ba, ya kuma ɗora mata aikin mako biyu ko uku a kai. In aka ɗaga bikin, ko aka fasa, ko ta sami wani bargon da ya fi burge ta, ba abin da ya ɗaure ta, domin ba ta da ko kwabo a ciki.

Abin lura shi ne, yadi muddin yana a dunƙule kuɗi ne, ana iya sayar da shi ko a yi wa wani aiki da shi. Da zarar almakashi ya shige shi, an mai da shi ƙyallaye, ya tashi daga wannan matsayi. Bargon da aka yi daidai gadon wani, da launin da wani ya zaɓa, balle mai sunan wata, ba ya sayuwa sai da faɗuwa. Ga shi kuma kaya ne na lokaci. Wanda bai fita ba kafin zafin watan Maris ya kama, mai yiwuwa ne ya kwana a shago har wani hunturun.

Saboda haka ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, kada a sa almakashi a yadi sai an karɓi kafin alƙalami, kada kuma kafin alƙalamin ya gaza kuɗin kayan aiki gaba ɗaya. Mutane da yawa sun saba da cewa a ba da rabi. Rabi ba laifi ba ne in ya rufe kuɗin kaya, amma a misalin nan rabi 20,000 ne, kayan kuwa na 24,000 ne, watau mai ɗinki zai cika 4,000 daga aljihunsa. Lissafi ne ya kamata ya yanke yawan abin da za a karɓa, ba al'ada ba.

In an karɓa kuma, a sayi kayan nan da nan, cikin kwana biyu ko uku. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa a watan Disamba na 2024 tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara ɗaya. A irin wannan yanayi, wanda ya riƙe kuɗin mutane wata guda kafin ya je kasuwa yana iya tarar da farashin yadi ya wuce inda ya bar shi, alhali ya riga ya yanke ciniki, ba damar ƙari. Don haka ma yana da kyau a gaya wa abokin ciniki cewa farashin da aka faɗa masa na mako ɗaya ne, in bai kawo kafin alƙalami a cikinsa ba sai an sake lissafi.

Me zai hana a karɓi kuɗin duka tun farko?

Wani zai ce ai wannan ya fi sauƙi. Ga ƙaramin aiki na kwana ɗaya ko biyu, kamar bargon jariri, ba kome. Ga babban aiki kuwa akwai haɗari, haɗarin ma ya fi faɗa wa mai ɗinki. Kuɗin aikin da ba a yi ba bashi ne a kansa, ko da yake a hannunsa suke. Ɗan Adam kuwa in kuɗi suna aljihunsa sai buƙata ta taso, a yi cefane, a biya kuɗin makaranta. Ranar da za a zauna a kan keke ba sauran abin da ake jira, sai aikin ya yi nauyi, a ture shi a kama na wanda zai biya gobe. Daga nan sai a fara sayen kayan wannan da kuɗin wancan, har ranar da asiri zai tonu. Yawancin abin da ake zargin teloli da shi na saɓa alkawari gab da salla, a nan tushensa yake.

Mai saye shi ma yana da hakki. Cikon da ya rage a hannunsa shi ne abin da zai sa a gyara masa in an yi kuskure. Hanyar da ta fi adalci ita ce kowa ya riƙe wani abu: mai ɗinki ya riƙe kaya, mai saye ya riƙe ciko, ranar da aka gama a shimfiɗa bargon a gabansa, ya duba, ya biya, ya ɗauka.

Kada bargo ya bar shago sai ciko ya cika. Wannan ya haɗa da dangi da maƙwabta, waɗanda bashinsu ya fi na kowa wuyar tambaya. Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, mutane da yawa suna biya ta waya. Lalle ne mai ɗinki ya duba asusunsa da kansa ya ga kuɗin sun shiga, kada ya dogara da saƙon da aka nuna masa a wayar wani, gama ana ƙirƙiro na ƙarya. Haka nan cek, ba kuɗi ba ne sai banki ya biya. Gaskiya ne dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya ba da cek na banza da gangan, amma ɗaure mutum ba ya mayar da bargo. In kuwa za a aika da kayan wani gari, daga Kano zuwa Legas alal misali, a karɓi ciko da kuɗin mota kafin a kai tasha.

In mai kaya ne ya kawo yadinsa

A nan mai ɗinki ba ya sa jari mai yawa, kayan mutumin kuma suna hannunsa tamkar jingina. Ya isa a karɓi kuɗin auduga da zare, ladan aiki kuma sai an gama. Sai dai a auna yadin a gaban mai shi, a rubuta, a kuma mayar masa da abin da ya saura.

Babbar oda, kamar barguna ashirin na masauki ko makarantar kwana, a raba biyanta uku: kuɗin kaya tun farko, wani kashi in an kai rabi, sauran ranar da aka kai na ƙarshe. Ofisoshi sukan yi jinkirin biya, ƙaramin mai sana'a kuwa ba shi da ƙarfin jiran wata uku.

Rasit da batun fasawa

Duk abin da aka ambata a sama ba ya tsayawa sai da rubutu. Littafin rasit mai kwafi ya wadatar. A rubuta girman bargo, da launi, da jimlar kuɗi, da abin da aka bayar, da abin da ya rage, da ranar karɓa, a maƙala ɗan ƙyallen yadin da aka zaɓa, kowa ya riƙe nasa. Jihar Legas ta kafa kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi baya a 2019, amma ko a can mai takarda a hannu ya fi mai rantsuwa saurin samun hakkinsa.

A rasit ɗin ne kuma za a faɗi abin da zai faru in mai saye ya fasa. Dokar gasa da kare hakkin masu saye ta 2018 ta ba shi ikon fasa oda, ta kuma yarda a caje shi abin da ya dace saboda fasawar. Wannan bai nuna a cinye kafin alƙalami ɗungurungum ba. Malaman Malikiyya, mazhabar da akasarin Musulmin ƙasar nan suke bi, ba su yarda mai sayarwa ya riƙe kafin alƙalami don kawai an fasa ciniki ba, ko da yake malaman Hambaliyya sun halatta. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne, in ba a sayi kome ba a mayar da kuɗin duka. In an sayi kaya ba a yanka ba, a ba mutum kayansa da canjinsa. In an riga an yanka, sai a ƙarasa ɗinkin a sayar, mai ɗinki ya cire ladansa, ya miƙa wa mai odar abin da ya saura.

Haka kuma za a yi da bargon da aka gama mai shi bai zo ba. A rubuta tun farko cewa bayan wata biyu, in an aika masa sau biyu a gaban shaida bai zo ba, za a sayar, a cire ciko, a ajiye masa ragowar kuɗinsa.