Zumuntar Malamai da Karatun 'Ya'yanmu

Iyaye da yawa, idan sakamakon jarrabawar yaro bai yi kyau ba, sukan nemi malamin ajinsa su ɗora masa laifi. Ba safai muke tambaya ba ko wannan malami yana da wanda zai tuntuɓa sa'ad da darasi ya ƙi shiga kan yara. Gaskiyar magana ita ce, yawancin malamai su kaɗai suke fama. Mutum ya shiga aji da yara tamanin, ya fito a gajiye, ba wanda ya ga inda ya yi tuntuɓe, balle ya nuna masa wata hanya.

Bauchi ba baƙuwa ba ce ga zaman malamai tare. A farkon shekarun 1940 Abubakar Tafawa Balewa da Aminu Kano suna koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, suna kuma haɗuwa da Sa'adu Zungur da wasu masu ilimi domin muhawara. Daga baya, a 1948, aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, Aminu Kano yana cikin jagororinta. Amma al'amuran ƙasa da matsayin malami ne suka fi cin ransu. Abin da muke nazari a nan ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi kusa da allo.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata malama a Yelwa ta ba aji biyu lissafi: a ɗebe 27 daga 52. Rabin yaran suka rubuta 35. Ita kaɗai, za ta ja jan biro ta wuce. Amma idan ta zauna da abokan aikinta huɗu ko biyar, aka baza littattafan yaran a kan tebur, wani zai lura cewa ba ganganci ba ne: yaran suna ɗebe ƙaramin adadi daga babba ne a kowane gida, 2 daga 7, sa'an nan 2 daga 5. Ba su gane ma'anar aro ba. Wata kuma ta ce ita takan ɗaure tsinken tsintsiya goma-goma, yaro ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa, ya ga yadda goma take komawa ɗai-ɗai. Sai a gwada a mako mai zuwa, wani ya zauna a bayan aji yana lura da yaran, a sake haɗuwa a ga ko an kai ga 25. A Japan malamai sun daɗe suna nazarin darasi tare ta irin wannan hanya.

An gwada makamancin haka a jiharmu. Shirin NEI Plus, wanda hukumar USAID ta Amurka ta fara a 2015 tare da hukumomin ilimi na Bauchi da Sakkwato, ya kawo littattafan "Mu Karanta!" domin aji ɗaya zuwa uku, ya kuma tsara malamai su riƙa zama tare a kai a kai suna maimaita darussan. Shirin ya ƙare. A ganina, ɓangarensa da ya fi sauƙin riƙewa shi ne wannan zaman, domin ba ya bukatar otal ko kuɗin alawus kamar taron bita na kwana uku.

Abin da yake kashe shi kunya ce da tsoro. Malamin da ya yi shekara ashirin yana aiki ba ya so yarinyar da ta gama NCE bara ta ga kuskurensa, kuma da zarar hedimasta ya mai da zaman wurin tuhuma, kowa zai kama bakinsa.

Saboda haka, a taron iyaye da malamai na gaba, ku tambaya: wace rana malaman makarantar nan suke zama su duba aikin yara tare? Idan an ce ranar Alhamis ne bayan tashi, kada mu riƙe malama a bakin ƙofa da ƙorafi a wannan sa'ar.