Sabon Keke Yana Ƙara? Ga Yadda Ake Gano Laifin Wili

Kekunan da ake saya wa yara 'yan makaranta ko don zuwa gona, irin su Phoenix na China da Hero na Indiya, yawanci a kwali suke isowa, a kasuwa ake harhaɗa su. Mai harhaɗawa kuwa sauri yake yi, ga wasu na jiransa. Shi ya sa sabon wili kan yi ƙara ko ya riƙa layi tun ba a cire ledar sirdi ba. Amma ba kowace ƙara ce laifi ba. A saurara tukuna kafin a ɗauko sifana.

1. Ka tabbatar daga wili ƙarar take. Hau ka taka feda, sannan ka daina takawa ka bar keken ya gangara. In ƙarar ta ɗauke, to ka nemi laifin a sarƙa ko feda. In ta ci gaba tana bin juyawar taya, ta wili ce. Ƙas-ƙas ɗin da ke fita daga baya in an daina takawa kuwa aikin firiwil ne, lafiyarsa ƙalau.

2. Kada "tin-tin" ɗin ranar farko ta tayar maka da hankali. Lokacin da ake ɗaure wayoyin wili, wato sifok, notin kan murɗe wayar kanta kaɗan. Da nauyin mutum ya hau, sai murɗin ya warware, wayar ta yi wannan 'yar ƙara. Gwanin mai haɗa wili yakan matse wayoyin bibbiyu da hannu tun a shago don su zauna, amma ba kowa ke da wannan haƙurin ba. Bayan hawa ɗaya ko biyu ya kamata a ji shiru. In mako ya zagayo ana jinta, musamman wajen hawa tudu ko in an goya wani, to akwai wayar da ta saki.

3. Kaɗa wayoyin ɗaya bayan ɗaya da farce, kamar tsirkiyar garaya. Ka fara daga bawul don ka san inda ka zagayo. Wayoyin gefe ɗaya su yi amo kusan iri ɗaya. Wadda ta yi "dum" maimakon "tin" ta saki, ɗaura mata zare don kada ta ɓace maka. A keke mai giya, wayoyin baya na ɓangaren sarƙa sun fi na hagu tsauri, haka aka yi shi, kada a ce za a daidaita su.

4. Kifa keken, ka juya wilin, ka riƙe alli a jikin ƙarfen da ke riƙe da shi, kana matso da allin a hankali har ya fara taɓa rim. Inda ya bar fari, nan rim ya karkata. Karkata iri biyu ce: ta gefe, wadda wili ke layi dama da hagu, da ta tsalle, wadda yake hawa da sauka. Layin da bai wuce milimita 1 ba, ƙyale shi. Sai dai a keke mai birkin ƙarfe, irin na iyayenmu, tsallen ya fi layin illa, domin robar birkin daga ƙasa take jan rim zuwa sama, in rim na tsalle sai birki ya riƙa kamawa yana saki.

5. Rim za ka kalla, ba taya ba. Sau da yawa tayar ce ba ta zauna ba. Akwai siririn layi a gefenta da ya kamata ya bi bakin rim daidai ko'ina. In ya nutse a wani wuri, sace iskar, shafa ruwan sabulu, ka sake bugawa. Haka nan in wili ya fi kusa da ƙarfe ta gefe ɗaya duk zagayensa, ƙila a karkace aka ɗaure shi. Kwance notin biyu ka saita.

6. Kama taya ka girgiza ta dama da hagu. In ka ji ƙwal-ƙwal, boris ɗin tsakiya ya yi sako-sako. In kuma wili na gurnani yana saurin tsayawa, an matse shi da yawa ko giris ya yi kaɗan, abin da sabbin kekuna masu araha suka saba da shi. Wannan kam a kai wa mai gyara da wuri, don ƙurar hunturu ba ta raga wa busasshen boris.

7. Duba ƙananan abubuwa: madgad da ke shafar taya, notin bawul, gilashin da ake maƙala wa waya. Inda wayoyi suka gitta juna, ɗigon mai ɗaya ya isa, amma kada ya taɓa inda birki ke kamawa.

8. In za ka gyara da kanka, nemi makullin waya, filaya cinye notin take yi. In rim ya karkata dama, ɗaure wayar da ta tafi hagu a wurin, kwatan juyi kawai, ka sassauta ta dama da ke kusa haka nan, ka juya ka sake dubawa. Wanda ya bi kowace waya yana ɗaurewa son ransa, gyaran minti goma zai mayar aikin yini. Tsalle da lanƙwasa mai kaifi ba na gida ba ne.

9. Kada a ɗora buhun masara ko jarkokin ruwa sai an sake duba wayoyin bayan makonnin farko. Rim ɗin da ya zo a lanƙwashe, ko wayar da ta tsinke tun keken na sabo, a mayar wa mai shago tun rasit na hannu, kafin ya ce ramin hanya ne.