MAI-SHIRYA WAƘA DA MASU-KUSHE

Karatu: II Samu'ila 6:14-23, 12:1-13, 16:5-13.

Ya ɗan'uwa, wataƙila ka shirya waƙarka ta fari, ka yi kwana da kwanaki kana gyaranta, ka kawo ta wurin koyon waƙa da murna. Da ka gama rairawa sai wani ya ce, "Wannan ba waƙa ba ce, surutu ne." Waɗansu suka yi dariya. Ka koma gida ranka a ɓace, kana cewa ba ka ƙara. Ta haka ne baiwar mutane da yawa ta kan mutu, Ekklesiya kuwa ta rasa waƙoƙin da za su gina ta.

Suka kamar hatsi ce a masussuka. Ba a zubar da shi duka, ba a kuwa cin shi duka. Sai an sheƙe, a raba tsaba da ƙaiƙayi. Bari mu duba Dawuda, wanda Zabura 73 su ke ɗauke da sunansa, mu ga yadda ya yi.

1. Maganar reni. Sa'an da a ke kawo akwatin alkawali cikin Urushalima, Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa. Matarsa Mikal, 'yar Shawulu, ta rena shi, ta yi masa ba'a. Dawuda bai daina ba, gama a gaban Ubangiji ya ke yi.

2. Maganar ƙiyayya. Yana gudun ɗansa Absalom, sai Shimei ya bi shi da zagi da jifa. Abishai ya nemi izni ya sare kan mai-zagin, amma Dawuda ya hana. Ya bar shari'a ga Allah, ya ci gaba da tafiyarsa.

3. Maganar gaskiya. Annabi Natan ya tsauta masa a kan matar Uriya. Wannan ta fi sauran zafi, amma ita ce Dawuda ya karɓa. Daga tubansa Zabura ta 51 ta fito.

Hakanan kuma ya faru da Isaac Watts, wanda aka haifa a Ingila a 1674. A zamaninsa yawancin ekklesiyoyin ƙasar Zabura kaɗai su ke rairawa. Watts ya buga littafin sababbin waƙoƙi a 1707. Waɗansu suka ƙi su, suka ce maganar mutum ce kawai, ba ta isa a raira ta a sujada ba. Watts bai ajiye alƙalami ba, bai kuwa ce aikinsa ya fi ƙarfin gyara ba. A 1709 ya sake buga littafin, ya gyara waɗansu, ya ƙara waɗansu. Kafin mutuwarsa a 1748 ya rubuta waƙoƙi fiye da 600.

Charles Wesley ma an taɓa aikinsa. Ya buga wata waƙar Kirsimati a 1739, George Whitefield kuwa ya sake mata farko a 1753. Da gyararren farkon nan ne a ke rairata har wa yau. Ashe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

To, me za ka yi idan an kushe waƙarka?

Da fari, kada ka amsa da zafin rai. Ka kwana a kan maganar, ka yi addu'a.

Na biyu, ka koma wurin mai-sukan da ladabi ka ce, "Malam, wane baiti ne bai yi daidai ba?" Mai-gaskiya zai nuna maka wurin. Mai-hassada ba shi da abin nunawa.

Na uku, ka gwada waƙar da ma'auni uku. Koyarwarta ta yi daidai da Littafi Mai-tsarki? Kalmomin sun hau karin sosai, ko kuwa an ja gaɓa gajera, an datse doguwa, har ma'ana ta juya? Tsohuwa wadda ba ta karatu za ta iya kama amshin bayan ta ji shi sau biyu?

Na huɗu, ka kai ta wurin fasto ko wani dattijo mai-kunnen waƙa. Idan mutum biyu ko uku sun yi tuntuɓe a wuri ɗaya, ka gyara wurin.

Ku kuma masu-ji, ku lura da bakinku. Ku fara faɗin abin da ya yi kyau, kana ku nuna kuskure a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Ɗanyen tsiro ba ya jimre wa takawa.

TAMBAYOYI

1. Don me Dawuda ya karɓi maganar Natan, amma ya ƙi ta Mikal?
2. Ƙaƙa za ka rarrabe mai-gyara da mai-hassada?
3. Akwai wani a Ekklesiyarku wanda ya daina shirya waƙa saboda maganar da aka faɗa masa? Wa zai je wurinsa cikin makon nan?